Baƙuwa Mai Ƙarfe a Ƙafa

Zuwa ga jikana Aminu, ma'aikacin gandun daji, can Nguru.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kai da abokan aikinka masu leƙen takardar mutane ta bayan kafaɗa, don na san ba kai kaɗai ke karanta wasiƙuna ba. Ta fito daga wata ƙasa, ba takarda, ba dangi. Ba ta jin Hausa. Akwai ƙarfe a ƙafarta, kuma da ƙafa ɗaya take tsayuwa. Ta sauka bayan gidana a Aliero. Wace ce? Kada ka yi saurin buɗe baki. Ni da na yi sauri, yanzu za ka ji inda ya kai ni.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Albasa ta yi kyau bana. Amaryarka mai haƙori huɗu, wato ni, tana nan tana jiran angon da ya tafi shekara biyu bai leƙo ba. Na ji an ce ka yi ƙiba. Ban yarda ba sai na gani.

Za ka ce mi ya hana ni rubuto maka tun watan jiya. To, fushi na yi da kai, kwana ukku cur, irin fushin da ban yi da kai ba tun ranar da ka bar mini akuya cikin rumbu. Na zarge ka da tona asirin baƙuwata. Bayan fushin ya wuce kuma sai na ƙi riƙe biro, don na koyi cewa abin da mutum ya sa a takarda ba ya sanin hannun da zai faɗa.

Na riga na ba ka labarin Hamsatu a waccan wasiƙa, shafi biyu cike. Amma tunda ya bayyana cewa layin ƙarshe kawai kake karantawa, bari in maimaita.

Hamsatu Bazabarma ce daga ƙasar Nijar. Mijinta ya rasu, ita kaɗai take fataucin kanwa. Ta zo kasuwar Jega, ana sauke kaya ta zamo daga saman mota, ƙwaurinta na hagu ya karye. Aka kawo ta wajen Malam Sani mai ɗori, ƙanen marigayi kakanka. Da yake mace ce kuma ba ta da kowa, sai ya sauke ta gidana, ɗakin baya, wanda ƙofarsa ke kallon fadama. Ya ɗaure ƙafar, ya ce mini, "Yaya, kwana arba'in kada ta taka. In aka jijjiga ta a mota kafin nan, ƙashin a karkace zai kama, kuma ta gurgunce ke nan." A ƙafar dama, mai lafiyar, akwai munduwar tagulla da uwarta ta sa mata tun tana yarinya. Ƙafa ta girma cikinta, ba ta fita. Hausarta kuwa kalma biyu ce, sannu da ruwa. Da hannu da ido muke hira, kuma ka yarda da ni, mun yi gulmar rabin unguwa a haka.

Takarda ba ta da ko guda. Kai ka san tun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, kowane baƙo da biro yake zuwa. Wannan ya auna gona, wancan ya ƙirga kawuna, wani ya shafa lamba a bango ya tafi bai ce komai ba. Ni kuma ban manta shekarun baya ba, da aka riƙa kwasar baƙi ana lodawa a manyan motoci. Da idona na gani a tashar Jega, mata da tukwanensu a ka. Hamsatu ma ta san wannan labari. In mota ta yi ƙara a bakin titi, sai in ji ta damƙe mini hannu.

Saura kwana goma sha biyu a kwance ɗorin, ranar Talata da hantsi, wata farar mota doguwa irin ta gwamnati ta tsaya ƙofar gida. Na leƙa zaure. Mutum biyu ne. Ɗaya Baturiya, tsohuwa sa'ata, siririya kamar karan gero, da hular maza, da wani baƙin abu mai ido biyu rataye a wuya. Ɗayan kuma baƙin mutum, ya ce sunansa Malam Dauda, da rigar kaki mai aljihu huɗu, biro na leƙowa daga na sama. Kaki, Aminu! Da biro!

Malam Dauda na jin Hausa sarai, amma Baturiyar ta hana shi magana. Wai ta koyi Hausa a Kano tun tana budurwa, tana son ta motsa ta. Shi kuma ya samu hutu, ya buɗe wata babbar takarda mai zane-zane yana dubawa.

Ta ce, "Sannu da gida, uwargida. Aminu ne ya aiko mu. Ya ce kina da baƙuwa."

Na gyara lulluɓi na ce, "Baƙuwa? Wace iri?"

Ta ce, "Ta zo daga nesa ƙwarai. Ta ɓata hanya. Tana da ƙarfe a ƙafa. Ba a taɓa rubuta ta a ƙasar nan ba."

Na ce, "To, in kun gan ta mi za ku yi mata?"

"Za mu ɗauki hotonta, mu rubuta ta. In mun samu matsowa kusa, mu karanta lambarta."

Malam Dauda bai ko ɗago kai ba ya ƙara da cewa, "Inna, in ta tabbata ita ce, labarin har Legas sai ya kai."

Ka tambaye su in kun haɗu. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci abin da suke nema da sunansa. Baƙuwa, baƙuwa, shi ke nan. Baturiyar ta jawo wani littafi mai kauri za ta nuna mini hoto. Na ce a raina, wato har hotonta sun riga sun samu. Na kau da kai na ce idona da yana, ko tafin hannuna ba na gani. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau.

Sai dabara ta zo mini. Na ce, "An yi wata mai kama da haka, amma ta yi gaba. Na ji an ce an gan ta wajen Andarai, can ƙasar Maiyama."

Baturiyar ta ce, "Akwai ruwa a can?"

Na ce, "Awo, da yawa."

Ta tafa hannu. "Haka ne! Tana son ruwa ƙwarai!"

Ka ji fa. Matar da rabin Hausarta ruwa ne, har wannan sun sani. Na ce lalle Aminu bai rage komai ba, kaf ya karanta musu wasiƙata.

Suna tafiya na yi gidan Malam Sani da sauri, na ce a ɗauke ta a kai ta Sabiyal wajen 'yar'uwata. Ya ce, "Yaya, a kan mi? Jaki ko amalanke? Kowanne aka ɗora ta, aikina ya lalace." Na dawo na jawo zana biyu na kare ƙofar ɗakinta, na jera buhunan albasa a gindi, wanda ya hango daga fadama ya ce ma'ajiya ce. Sannan na shiga ɗakina, na kama hoton nan naka, wanda ka sa kwat kana murmushi kamar an ba ka sarauta, na juya fuskarsa bango.

Ban gaya wa Hamsatu komai ba, ina ma zan samu bakin faɗa. Amma ta dubi zana, ta dubi fuskata, ta jawo 'yan tsummokinta ta ƙulle a zane, ta ajiye kusa da kanta.

Laraba da la'asar sai ga su sun dawo, taɓo har gwiwa. Baturiyar ta yi ja kamar tattasai. Ta ce, "Ba ta can." Na dubi taɓon na ce a raina, dubi mugunta, har cikin ciyawar ruwa suke neman baiwar Allah mai karaya. Na ce, "Kayya, kun yi saɓani. Ɗazu wani mahauci ya ce ya gan ta bakin gulbi, in kun wuce Jega Firchin."

A nan Malam Dauda ya naɗe takardarsa, ya dube ni da kyau. Ya ce, "Inna, Aminu cewa ya yi bayan gidanki."

Na ce, "Aminu? Yaron da tun yana ƙarami bai san gaba da baya ba? Har ya shiga aji ukku wandonsa a juye yake sa shi."

Abokan aikinka su ji wannan da kyau, gaskiya ce.

Suka tafi, amma kallon da mutumin nan ya yi mini bai kwanta mini ba. Abincin yamma ma kaɗan na taɓa.

Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗago, ina daka a tsakar gida. Na ɗaga kai ta saman danga, sai na hango su. Ba su yi sallama ba wannan karon. Sun zagaya ta gonakin albasa, sun kafa wani abu mai ƙafa ukku da dogon bututu a kai, bakinsa na kallon bayan gidana daidai. Na waiwaya. Hamsatu ta ji ƙarar motar tun ɗazu. Ta ja jiki, ta ture zana, ta kama gefen ƙofa ta miƙe, ƙullin kayanta a hannu, ƙafar ɗorin na reto. Guduwa take son yi, da ƙafa ɗaya.

Daidai nan na ji muryar Baturiyar daga fadama, cike da murna: "Ga ta! Ga ta can! Tana tsaye da ƙafa ɗaya!"

Aminu, ban san lokacin da na rungumi Hamsatu na zaunar da ita a tabarma ba. Na nuna mata ƙasa da yatsa, na zare mata ido. Sannan na ɗauki taɓaryata na fita ta ƙofar baya. Na bi ta tsakiyar fangalin albasar mutane, ban duba inda nake takawa ba. Na je na tsaya gaban bututun nan, ƙirjina a bakinsa.

Na ce, "Sai dai ku fara da ni. Wagga baƙuwata ce. A gidana ta sauka, tuwona take ci, kuma ba inda za ta sai ta warke. Ku koma ku gaya wa wanda ya aiko ku, da shi da jikan nawa."

Baturiyar ta zaro ido. "Tana cin tuwo?" Ta jawo ɗan littafinta da sauri za ta rubuta. "Tuwon mene ne? Gero ko dawa?"

Malam Dauda ya dube ta, ya dube ni, ya dubi taɓarya. Sai ya zauna daɓas cikin taɓo yana dariya har da riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Inna, don girman Allah, zagayo ki sa ido nan."

Na ce idona da yana.

Ya ce, "Yanar da ta hango mu tun daga tsakar gida? Sa ido, Inna."

Na zagaya, amma ban saki taɓarya ba. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko duhu. Sai ga bakin tafkin nan da ke ƙasa da dangata ya taso ya zo gaban hancina, har ina ganin sawun awaki a laka. A tsakiya kuwa ga wata tsuntsuwa tsaye. Girmanta kamar budurwar kaza. Bayanta da kanta baƙi wuluk, cikinta fari fat, bakinta dogo, ja kamar an tsoma a manja, idonta ma ja. Ta naɗe ƙafa ɗaya cikin gashi. A ɗayar kuwa, wadda take tsaye a kai, ga ɗan zoben ƙarfe yana walƙiya.

A nan na tuna. Ƙarshen waccan wasiƙa, bayan na gama shafi biyu a kan Hamsatu, fili ya ɗan rage a gindin takarda, ni kuma ba na son ɓarna. Sai na cike da cewa wata tsuntsuwa mai jan baki ta sauka tafkinmu, da ƙarfe a ƙafa, ban taɓa ganin irinta ba. Na rubuta na manta. Kai kuma ka tsallake mace mai karaya, ka ɗauki tsuntsuwa ka kai wa Turawa.

Na ɗago na ce wa Malam Dauda, "To mi ya hana ku ce tsuntsu tun ranar Talata?"

Ya ce su a aikinsu, tsuntsun da ya ɓace ya faɗo ƙasar da ba tasa ba, suna da wata kalma da suke kiransa da Turanci, ita kuma Baturiyar ta duba littafinta na Hausa ta ga baƙo ne ya fi kusa. Ya ce shi ya ɗauka kai ka riga ka yi mini bayani. Na ce yaron da bai iya juya wando ba.

Ya ce wagga tsuntsuwar bakin teku ce, daga ƙasashen sanyi. In sanyi ya yi musu yawa sukan gangaro, amma gaɓar teku suke bi, suna fasa katantanwar ruwa da wannan baki. Ba wanda ya taɓa ganin irinta a ƙasarmu ta tudu, nesa da teku haka. Zoben kuma wasu ne suka sa mata can garinsu, da lamba a jiki, don a san inda ta je. Na ce wato yanzu har tsuntsu sai an yi masa rajista.

Suka zauna a nan har azahar, ba ci ba sha, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki. Baturiyar na leƙawa tana faɗin lamba ɗaya-ɗaya, shi yana rubutawa. Da lambar ta cika, matar nan ta cire hula ta share hawaye da ita. Ban ga sun ɗana tarko ba, ban ga danƙo ba. Na tambayi Malam Dauda ko naman nata magani ne. Ya ce a'a. Ko gashin? A'a. To mi za ku samu? Ya ce, "Mun gan ta, Inna." Har yau wannan amsa ba ta zauna mini ba. Mutum ya baro garinsu, ya ƙona mai, ya shiga taɓo kwana ukku, don kawai ya ce ya gani? Akwai abin da ba su faɗa ba.

Amma ka lura da abin da bakina ya jawo. Su da ba su san da Hamsatu ba, ni da kaina na tsaya tsakiyar fadama na yi shelarta. Suna naɗe kaya Malam Dauda ya ce, "Inna, a ba mu ruwa. Kuma ina son in gaida mai cin tuwon."

Ba yadda zan yi. Na shigo da shi ta ƙofar baya. Hamsatu na zaune inda na bar ta, ta rungume ƙullinta. Ya tsaya daga nesa, ya dubi ɗorin, ya dubi munduwar. Sai na ji ya yi mata magana da Zabarmanci. Ashe ya taɓa aiki a bakin iyaka. Ta amsa da 'yar murya. Ya sake faɗin wani abu, ta sake amsawa. Ni ba abin da nake kallo sai aljihunsa na sama. Hannunsa ya tashi ya nufi biron. Ya zare shi, ya rufe masa hula, ya jefa cikin jaka tare da littafin da ya rubuta lambar.

Ya ce, "Ni abin da ke da fiffike nake rubutawa, Inna."

Na ce, "Allah ya sa."

Kada ka ɗauka na yarda da shi nan take. Mai kaki ne. Suna tafiya na kira Malam Sani ya duba ƙafar. Ya lalluba, ya sake lallubawa. Ya ce Allah ya kiyaye, ƙashin bai goce ba, amma saboda miƙewar nan ya ƙara mata kwana goma. Ya kuma ce in biya mutane haƙuri a kan albasar da na tattake. Kwana ashirin na yi ina sauraron bakin titi. Kowace mota ta rage gudu, sai in ajiye abin da ke hannuna. Hamsatu kuwa, ban san mi mutumin nan ya gaya mata ba, tun ranar ta kwance ƙullin kayanta. Ita ke dariya, ni ke tsaron ƙofa. Da yamma takan nuna mini tafkin ta naɗe hannu ɗaya a ƙirji, tana kwaikwayon tsuntsuwar. Wata Lahadi muka duba tafkin, tsuntsuwa ba ta nan. Ba wanda ya ga tashinta.

Ba wanda ya zo, Aminu. Ba kaki, ba takarda. Sai ƙanen Hamsatu, da saƙo ya kai masa ta hannun masu kanwa.

Hotonka na juyo da shi. Na goge gilashin da bakin zanena, na daɗe ina kallonka. Ba zan ce ka yafe mini ba, don kaka ba ta durƙusa wa jika, balle amarya a gaban abokan ango. Amma ni na goya ka, ni na san irin zuciyar da ke cikin ƙirjin nan, kuma duk da haka kwana ukku na yarda za ka iya miƙa mace mai karaya ga masu mota. Wannan ya fi taka albasar mutane nauyi a wurina. Kwanakin nan ukku ba tsoron kaki ne ya fi cin raina ba. Tunanin cewa aikin gwamnati ya canza mini kai ne.

Saura kai. Ina son ka bincika mini su wa ke sa wa tsuntsaye ƙarfe, kuma mi suke yi da lambar in an aika musu. Kada ka ce mini kallo ne kawai, wannan na riga na ji. In ka ga sun fara duban ƙafarka, ka tattaro kayanka. Kuma daga yau in na rubuto, ka fara daga sama.

Ka zo gida kafin a gama cire albasa. Ɗakin baya ya zama fanko, gidan ya yi mini faɗi.

Allah ya tsare mini kai a inda kake. Allah ya haɗa ka da masu riƙe baƙo da amana, ya kare ka daga zargin na nesa da na kusa, har da na tsohuwar da ta goya ka. Wanda duk ya ɓata hanya, mai tafiya a ƙasa da mai tafiya a sama, Allah ya mai da shi gidansu lafiya. Amin.

Ni ce amaryarka da ba ta gajiya da jira,
Kakarka Kulu, Aliero.

Amsar kacici-kacicin kuwa, tsuntsuwa ce. Hamsatu ba ta cikinsa, don jiya da hantsi da ƙafa biyu ta taka daga ƙofar gidana har tasha.